Yadda Ƴan Kwana-Kwana Suka Koyi Ja Da Baya

Mu a nan, idan gobara ta tashi a kasuwa ko a unguwa, da abu biyu muke auna ƴan kwana-kwana: yaushe suka iso, kuma da ruwa suka zo ko babu. In sun dira daga mota suka ja tiyo suka tunkari wuta, sai mu ce maza sun zo. In kuwa suka tsaya daga nesa, babbansu yana dube-dube yana tambayar abin da ke cikin sito, nan da nan gunaguni zai tashi, wasu ma har su fara jifa. Ni kuwa so nake in nuna wa mai karatu cewa wannan tsayawar ita ce darasi mafi tsada da wannan sana'a ta koya a ƙarni na 20, kuma da rayukan ma'aikatanta aka biya kuɗin karatun. Zan bi labarin ta Amurka, domin a can aka rubuta ƙa'idojin horo da jarrabawa waɗanda ƙasashe da dama ke kwaikwayo a yau, kuma abin da ya same su yana nan a rubuce da ranaku da adadi.

Jirgin taki a Texas City

Ranar 16 ga Afrilu, 1947, wani jirgin ruwa mai tutar Faransa, Grandcamp, yana tsaye a tashar garin Texas City ana yi masa lodi. Cikin kayansa akwai kimanin tan 2,300 na takin zamani irin wanda ake kira amoniyom naitiret, wanda za a kai wa manoman Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da misalin ƙarfe 8 na safe aka ga hayaƙi yana fitowa daga rumbun jirgin. Don kada ruwa ya ɓata kaya, kyaftin ya sa aka rufe ƙofofin rumbun aka tura tururi ciki, dabarar da aka saba kashe wuta da ita a jirage. Sai dai wannan taki yana ɗauke da iskar da wuta ke bukata a jikinsa, don haka rufe shi bai shaƙe wutar ba, zafi da matsi kawai ya ƙara mata.

Hayaƙin ya fito da launin ruwan goro mai kyaun gani, jama'a suka taru a bakin tasha suna kallo. Ƴan kwana-kwanan garin, waɗanda ƴan sa-kai ne, suka hau aiki da tiyo. Ƙarfe 9 da minti 12 jirgin ya tarwatse. Ƙugiyarsa mai nauyin kusan tan 2 sai a nisan da ya wuce kilomita 2 da rabi aka tsince ta. Tagogi suka farfashe a Houston, tafiyar kilomita 60. Cikin dare wani jirgin, High Flyer, shi ma da taki a cikinsa, ya bi sahu. Aƙalla mutum 581 suka mutu. Cikin ƴan kwana-kwanan garin 28, an rasa 27.

Babu wanda zai ce waɗannan mutane ba jarumai ba ne. Abin da suka rasa shi ne wanda zai gaya musu cewa buhun da suka sani a matsayin taki yana iya zama bam. A wancan zamani aikin kashe gobara a hannu ake koyonsa, kamar yadda yaron makaniki ke koyo a gareji: sabon shiga ya bi tsohon hannu, abin da tsohon ya sani shi zai sani, abin da bai sani ba kuwa dukansu suna cikin duhu. Manyan birane suna da makarantunsu, amma kowane gari da nasa ma'aunin, kuma babu wata takarda da za ta tabbatar cewa ɗan kwana-kwanan wannan jiha ya san abin da na waccan ya sani.

Bayan yaƙin masana'antun sinadarai suka bunƙasa, tankoki suka cika titi da layin dogo, ilimin tsofaffin hannu ya kasa bin sawunsu. A 1959 gobara ta kama wani kamfanin sinadarai a garin Charlotte. A cikin ginin akwai ƙarfen sodiyom, wanda in ruwa ya taɓa shi sai ya fashe, kuma ma'aikatan da suka je ba su san da shi ba. Da yawansu suka ji munanan raunuka. Bayan wannan ne aka fito da alamar nan mai kusurwa huɗu da ake mannawa a jikin gini ko tanki: shuɗi don illa ga lafiya, ja don saurin kama wuta, rawaya don yiwuwar fashewa, fari kuma don gargaɗi na musamman, kamar cewa kada a zuba ruwa. Launuka ukun farko kowanne da lamba daga 0 zuwa 4. Ƙungiyar NFPA, wadda aka kafa tun 1896 don tsara ƙa'idojin kariya daga gobara, ta karɓi alamar a 1960.

Tankin da ke tafasa

Darasi na biyu daga tankin gas ya zo. Ranar 5 ga Yuli, 1973, a garin Kingman na jihar Arizona, ana shirin sauke gas daga wani taragon jirgin ƙasa mai ɗauke da galan kusan 33,000 na furofen, wato dangin gas ɗin da muke girki da shi. Wata mahaɗa tana yoyo, ma'aikaci ya buge ta da sifana don ta ɗaure, tartsatsi ya tashi, wuta ta kama. Ƴan kwana-kwana suka zo suna fesa wa tankin ruwa don ya huce, ƴan kallo suka jeru a bakin titi. Tankin ya fashe, ya kashe ƴan kwana-kwana 11 da ma'aikacin kamfanin ɗaya, ya ƙona ƴan kallo kusan 100.

Ya kamata in tsaya a nan in yi bayanin abin da ke faruwa a cikin irin wannan tanki, domin irinsa na wucewa ta garuruwanmu kullum. Gas ɗin da ke ciki ruwa ne, matsi ne ya riƙe shi a haka. Idan wuta na lasar tankin, ɓangaren ƙarfen da ruwan ke taɓawa ba ya yin zafi ƙwarai, kamar yadda gindin tukunya mai ruwa ba ya ƙonewa. Amma ruwan na tafasa, bawul ɗin kariya na fitar da tururinsa, yana ta raguwa. Ƙarfen da ke sama, wanda ba ruwa a bayansa, sai ya yi ta zafi har ya yi laushi, matsi kuma na tura shi daga ciki. Da ya tsage, ruwan da ya rage zai koma iska gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, kuma lita ɗaya ta ruwan furofen tana zama kimanin lita 270 ta iska. Ita ce ƙwallon wutar da ke haɗiye duk abin da ke kusa, gutsattsarin tankin kuma su yi tafiyar ɗaruruwan mita. Masana sun raɗa wa wannan fashewa suna BLEVE. Faransa ta riga ta ɗanɗana ta a matatar mai ta Feyzin, kusa da Lyon, ranar 4 ga Janairu, 1966, inda mutum 18 suka mutu, 11 daga ciki ƴan kwana-kwana.

Takardar shaida

A shekarar da abin Kingman ya faru, wani kwamiti da gwamnatin Amurka ta naɗa ya fitar da rahoto mai suna America Burning, inda ya ce gobara na kashe kimanin mutum 12,000 a ƙasar kowace shekara, ya kuma soki yadda ake horar da ma'aikata. A 1974 majalisa ta yi dokar da ta haifi hukumar gobara ta ƙasa da babbar makarantar horo, wadda daga baya ta zauna a garin Emmitsburg na jihar Maryland. A wannan shekarar kuma NFPA ta fitar da ƙa'ida mai lamba 1001, wadda ta jera abubuwan da dole mutum ya iya kafin a kira shi ɗan kwana-kwana.

Abin da ya burge ni a wannan tsari shi ne bai tsaya ga yawan kwanakin da mutum ya yi a aji ba. Tambayarsa ita ce, me ka iya yi? Za a ba ka jarrabawar rubutu kan halin wuta da hayaƙi da yadda gini ke rushewa. Sannan a fito da kai fili: ka goya tukunyar iskar shaƙa cikin ƙayyadadden lokaci, ka kafa tsani, ka ja tiyo zuwa bene, ka nemo mutum a ɗaki mai duhu, mai jarrabawa yana tsaye da takarda yana duba kowane mataki. Akwai kuma hukumomi biyu, Pro Board da aka kafa a 1972 da IFSAC da aka kafa a 1990, waɗanda aikinsu shi ne bincikar masu ba da shaidar su kansu. Ta haka ne takardar da mutum ya samu a wata jiha ake iya karɓarta a wata, kuma shugaban da ya karɓi baƙin ma'aikata ranar babbar gobara ya san abin da zai iya ɗora musu.

Amma ƙa'idar farko ta fi mayar da hankali kan gobarar gida da shago. Maganar sinadarai sai da wani injiniya, Ludwig Benner, ya tayar da ita. A shekarun 1970 yana aiki a hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, yana bin sawun haɗurran tankoki ɗaya bayan ɗaya. Ya lura cewa sau da yawa ɗabi'ar da ke ceton rai a gobarar gida, wato saurin kutsawa, ita ke jawo asarar rai a gaban tanki. Sai ya tsara matakan yanke shawara, kuma na biyunsu shi ne zuciyar al'amarin: kafin ka taɓa komai, ka ƙiyasta ɓarnar da za a yi in ba ka sa hannu ba. In tanki na ci a fili, ba gida ba mutum a kusa, abin da za a rasa tanki ne. In ka tura mutum goma kusa da shi, ka ƙara rai goma a kan abin da za a iya rasawa. Wannan magana ta yi wa tsofaffin hannu ɗaci, don a wurinsu tsayawa kallo abin kunya ne.

Abubuwa biyu da suka biyo baya sun raba gardama. A Waverly ta jihar Tennessee jirgin ƙasa ya kauce daga layi ranar 22 ga Fabrairu, 1978. Ba wuta, ba hayaƙi, sai aka sassauta tsaro, mutane suka koma harkokinsu. Bayan kwana biyu wani tankin gas da ya ji rauni a haɗarin ya fashe, ya kashe mutum 16, har da shugaban ƴan kwana-kwanan garin da shugaban ƴan sanda. A Mississauga ta Kanada kuwa, ranar 10 ga Nuwamba, 1979, jirgi mai ɗauke da furofen da iskar kulorin mai guba ya kife ya kama da wuta. Hukumomi suka kwashe mutum fiye da 200,000 daga gidajensu, ƴan kwana-kwana suka yi ta sanyaya tankokin da ba su kama ba, suka bar gas ɗin ya ci kansa. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Bayan Bhopal

Abin da ya mayar da horon ya zama tilas daga Indiya ya zo. A daren 2 zuwa 3 ga Disamba, 1984, iska mai guba ta tsere daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a Bhopal, ta bi unguwannin talakawa suna barci. Gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787, wasu ƙididdigar kuma sun haura haka nesa. A watan Agustan 1985 wata masana'antar kamfanin a garin Institute na jihar West Virginia ta yi yoyo, mutum fiye da 100 suka tafi asibiti. Amurkawa suka gane abin na iya faruwa a ƙofar gidansu. A 1986 aka yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni su sanar da hukumomin gari da ƴan kwana-kwana irin sinadaran da suka ajiye. A 1989 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta fitar da ƙa'idar da ta fara aiki a Maris 1990, NFPA ita ma ta fitar da tata mai lamba 472.

Ƙa'idar ta kasa masu kai ɗauki mataki biyar. Na farko shi ne mai ganewa: ɗan sanda, ko mai gadi, ko duk wanda zai iya fara cin karo da abin. Aikinsa ya gane haɗarin, ya nisanta, ya hana mutane matsowa, ya kira waɗanda suka dace. Na biyu mai tarewa daga nesa, da horon aƙalla awa 8, wanda zai iya yin shinge da ƙasa don kada abin da ya zube ya shiga magudana ko rijiya. Na uku shi ne gwanin da ke shiga ya toshe yoyon, da horon aƙalla awa 24 da ƙarin ƙwarewa. Na huɗu masani ne a kan wani nau'in sinadari ko tanki, na biyar kuma kwamandan da ke riƙe da ragamar wurin baki ɗaya. Kowa sai ya sabunta horonsa duk shekara. Yau a ƙa'idar NFPA ba a ba mutum shaidar ɗan kwana-kwana ta matakin farko sai ya ci darasin kaya masu haɗari.

To me ake koya musu? Da farko, a tunkari wuri ta inda iska ke fitowa kuma ta tudu, a tsaya nesa a duba da madubin hangen nesa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa kaya masu haɗari gida tara, ta ba kowane abu lamba huɗu: fetur 1203, man dizal 1202, kananzir 1223, gas na girki 1075, kulorin 1017. Da wannan lamba ake buɗe wani ƙaramin littafi mai bango ruwan lemo, wanda Amurka da Kanada da Meziko ke sabuntawa duk shekara huɗu. Shi zai ce, in tankar fetur ta kama wuta a killace mita 800 ta kowane ɓangare, in ta gas ce mita 1,600. Ya kuma yi gargaɗin a janye nan take idan ƙarar bawul ta fara hawa ko launin tankin ya fara sauyawa. Ana raba wurin gida uku: inda gubar take, inda ake wanke waɗanda suka fito daga ciki, da inda babu haɗari. Mai shiga ciki yakan sa rigar da ke rufe shi ruf har da tukunyar iskarsa, ba ya shiga shi kaɗai, kuma akwai wasu a shirye a waje don ciro shi.

Inda takarda ba ta kai ba

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Ranar 29 ga Nuwamba, 1988, ƴan kwana-kwana 6 suka mutu a Kansas City, lokacin da tirelolin nakiyar fasa dutse suka fashe a wurin aikin hanya, kuma babu alama a jikinsu. Ranar 17 ga Afrilu, 2013, shekara 66 da kwana ɗaya bayan Grandcamp, a jihar Texas ɗin dai, wani siton taki ya kama wuta a ƙaramin garin West. Kimanin minti 20 bayan an kai rahoto ya tarwatse, ya kashe mutum 15, 12 daga ciki masu kai ɗauki. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta gano cewa ƴan sa-kan garin ba su sami horo kan haɗarin wannan taki ba, ba su kuma taɓa tsara yadda za su tunkari gobara a siton ba. Kusan kashi biyu cikin uku na ƴan kwana-kwanan Amurka ƴan sa-kai ne, kuma ba kowace jiha ke tilasta musu takardar ba. A Beirut, ranar 4 ga Agusta, 2020, aka tura tawagar mutum 10 zuwa wani sito a tashar jiragen ruwa ba tare da an gaya musu akwai tan 2,750 na amoniyom naitiret a ciki ba. Babu wanda ya dawo, kuma fiye da mutum 200 suka mutu a birnin. Abin da na fahimta daga waɗannan uku shi ne, horo sai ya kai ga mutumin ƙaramin gari, kuma ko gwani ne, in an ɓoye masa abin da ke bayan ƙofa, gwanintarsa ba za ta cece shi ba.

Gemun ɗan'uwanmu ya daɗe da kama wuta, namu ma ya soma. A daren 5 zuwa 6 ga Mayu, 2019, tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka fito ɗiba, ta fashe ta kashe fiye da 50 nan take, adadin kuma ya ƙaru a kwanakin da suka biyo. A Apiate ta Ghana, ranar 20 ga Janairu, 2022, motar nakiyar ma'adinai ta yi karo da babur, ta kashe mutum 13 ta rusa ƙauyen. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, fiye da 150 suka tafi a hanyar da mutanen Yamai suka bi.

A Nijar sojoji ne ke aikin kwana-kwana, tsarin da muka gada daga Faransa, inda Napoleon ya kafa bataliyar Paris a 1811. Suna da horo da ɗa'a irin ta soja. Amma a yawancin hanyoyinmu, kafin motarsu ta iso, waɗanda ke wurin su ne jandarma, direbobi, ƴan kabu-kabu, mai gari da matasan ƙauye. A ganina matakin nan na farko, na mai ganewa, shi ya fi dacewa da halinmu, don ba ya bukatar mota ko riga mai tsada. Abin da ake bukata shi ne mutum ya san tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwanciya a kwari, kuma tartsatsin babur ko bokitin ƙarfe ya ishe shi. Ya san fetur na tasowa a kan ruwa, don haka zuba ruwa yaɗa wutar yake yi, kumfa ake so. Ya iya karanta allon nan ruwan lemo da ke bayan tankoki da yawa, 33 a sama 1203 a ƙasa, ya san in lambar sama ta fara da harafin X, ruwa haɗari ne ga kayan. Ana iya koyar da wannan cikin yini ɗaya a tashar mota, ko ta rediyo da Hausa. Ɗan kasuwar da ya tara taki ko tukwanen gas ko jarkokin mai a sito cikin unguwa kuwa, haƙƙin ƴan kwana-kwana ne a kansa ya sanar da su tun kafin ranar tsautsayi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura namu, mu ƴan kallo. Ranar da muka ga ƴan kwana-kwana sun ja motarsu baya suna kora mutane, mu tuna ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Wataƙila sun ga lamba, ko sun ji ƙarar da mu ba mu san ma'anarta ba. Mu kama hannun yaranmu mu bi su, mu tsaya a bayan inda suka tsaya.